GURGU A CIKIN KWALEKWALE: KAYA NE KO MATUƘI?

 

Na san wasu da ganin kan rubutun nan za su yi dariya. Kwalekwale a Gure? Garin da rairayi ke cin gona, garin da mata ke jera bido a bakin famfo tun asuba? To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan mai dariya ya yi abarsa.

Abin da ya jawo maganar, wani kira ne da na amsa a shirinmu na dare. Ranar muna maganar damina da lalacewar hanyoyi. Sai ga wani mai saurarenmu na kullum, mutumin da na sani tun muna yara. Ba zan kama sunansa ba, domin bai ba ni izini ba. Shan inna ya taɓa shi tun yana ƙarami, da keken guragu yake yawo, sana'arsa gyaran waya da rediyo. Ya ce sun je ta'aziyya wani ƙauye a jihar Difa, sai suka tarar ruwa ya yanke hanya, ba makawa sai an shiga kwalekwale. Samari biyu suka ɗauke shi cak, suka aje shi a ƙasan jirgin, tsakanin buhunan hatsi da akuya, a daidai inda ruwa ke taruwa. Kekensa aka ɗora a kan kaya. Aka karɓi kuɗinsa, aka karɓi na keke.

Da suka kai tsakiya iska ta taso, mai jirgin kuma dattijo ne, ya soma gajiya. Sai mutumin namu ya ce a miƙo masa filafili ya taimaka. Wasu suka yi dariya. Wani ya miƙa masa don a ga ƙarshen wasan. Ya hau kan katakon da ake zama, ya kai filafilin ruwa, ya ja sau ɗaya, sai ya zame ya dawo ƙasa. Ba inda zai jingina baya, ba abin da zai tare ƙugunsa. Ga abin da ya gaya mini, kuma har yau yana kunnena: "Ni ɗaukata da aka yi ba ta dame ni ba, na saba. Abin da ya dame ni, duk cikin jirgin nan ba mai ƙarfin hannuna, amma ba ni da wurin zama."

Wallahi na yi shiru a gaban makirofo, har mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu. Domin gaskiya ya faɗa. Ku dubi duk wanda ya shekara ashirin yana murza keken guragu a cikin rairayin Gure. Ku dubi kafaɗunsa da damatsansa. Mu masu ƙafa biyu da muke hawa kabu-kabu daga gida zuwa kasuwa, wa zai gwada hannu da shi? Tuƙin kwalekwale kuwa rabinsa aikin hannu da kafaɗa ne. Abin da ya hana shi a ranar nan, guntun katako ne da ba a sassaƙa shi don irinsa ba.

INA RUWAN GURE DA KWALEKWALE?

Bari in fara da masu dariya. Gaskiya ne ba mu da kogi. Amma mutumin Gure ba a Gure kaɗai yake rayuwa ba. Duk wanda ya bi gudron Damagaram ya wuce ta Gidimuni, ya ga tabkin nan da lambunan da ke kewaye da shi. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, shi da tabkin Madarumfa na jihar Maraɗi. In ka yi gabas, ga Komadugu, ga Tabkin Cadi, inda ƴaƴanmu da yawa suka je su da fataucin banda kafin matsalar tsaro ta rikita yankin. In ka yi yamma, ga kogin Isa a Yamai da Gaya.

Sannan ku tuna daminar 2024. Ambaliyar shekarar ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya. A watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a kan idon jama'a. A watan Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, har sai da kwalekwale ake tsallakar da mutane. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba, jirage ne suka dinga kwaso mutane daga unguwanni. Ranar irin wannan, kwalekwale ba ya tambayar ko garinku na da kogi. Kuma ranar irin wannan, wa ake bari a baya? Wanda ba ya iya gudu, da wanda ba ya iya hawa. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba kuma mutum ɗaya ko biyu muke magana a kai ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan Nijar suna da wata nakasa, wato sama da mutum dubu 700 a lokacin. An bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agusta na 2020, alhamdu lillahi, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, magidanta ne, iyaye mata ne, suna neman abin sawa a bakin salati. Ƙara da waɗanda haɗarin babur ya karya wa baya, da wanda ya faɗo daga bishiyar dabino, da wanda rijiya ta rufta da shi, da wanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa. Ba wanda ya sa hannu da Allah cewa shi ba zai shiga wannan layi ba.

ME AKE NUFI DA WURIN ZAMA?

Ba wani injin Turawa nake kira a sayo ba. Don a gane, sai mun duba yadda mai lafiya yake tuƙi. Idan ya ja filafili, ruwa ma yana jan sa. Abin da ke hana shi faɗuwa, ya kafa ƙafarsa a jikin jirgi, ya ɗaure cikinsa da bayansa. Shi bai ma san yana yi ba. Wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi, ko bayansa ba ya riƙe shi, wannan tokarar ce ya rasa. Aikin kujera shi ne ta mayar masa da ita.

Na farko, kujerar ta yi ƙasa. Kowa ya san in aka labta wa amalanke kaya ya yi tsini, ɗan rami kaɗan ke kifar da ita. Haka jirgi yake. Duk sa'ad da nauyin mutum ya yi sama, jirgin na ƙara rawa. Don haka ɗauko kujerar roba ta gidan biki a dasa a cikin kwalekwale ba taimako ba ne, ganganci ne. Amma kuma kada ta yi ƙasa har gefen jirgi ya tokare masa gwiwar hannu. Tsakanin nan ne gwanintar take, kuma sai an auna da jikin mai ita.

Na biyu, majingina. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa kawai, ƴar gajera da za ta tare ƙugu ta ishe shi. Wanda ya karye a baya yana buƙatar doguwa, da abin tarewa dama da hagu, don kada ya karkata. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya, nauyinsa ya rinjaya gefe guda, sai a cike gurbin da ɗan buhun rairayi, abin da ba mu rasa ba a nan. Kun ga ke nan ba kujera ɗaya ba ce za ta yi wa kowa.

Na uku, shimfiɗa. Wannan ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi kashe mutum a ɓoye. Mai ciwon laka sau da yawa ba ya jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Zai wuni a kan busasshen katako, cikin jiƙaƙƙen wando, fata na mutuwa bai sani ba, sai ya zama gyambon da zai kwantar da shi watanni a likita. Soso na katifa yana shan ruwa, don haka sai an naɗe shi da leda mai kauri ko tampol, a kuma bar ƙofar da ruwa zai tsiyaye. Kan ƙusa ko tsinin ƙarfe kada a bar ko ɗaya.

Na huɗu, wurin aje ƙafa. Ko ƙafar ba ta aiki, tana buƙatar inda za ta tsaya, don kada ta dinga lilo ko ta maƙale ƙarƙashin katako.

Na biyar, wannan ku riƙe shi da kyau: ba a ɗaure mutum a jikin jirgi. Na san tunanin farko da zai zo wa mai tausayi shi ne ya ɗauko igiya ko rawani ya tamke shi don kada ya faɗa. In jirgin ya kife, ka kashe shi da hannunka. In dole sai an sa maɗauri, ya zama irin wanda ja ɗaya ke kwancewa, kuma shi mai zaman ya gwada kwance shi da kansa sau da yawa a ruwa marar zurfi, da mutane a tsaye kusa. Rigar ceto kuwa ba ta guragu kaɗai ba ce, ta duk wanda ya shiga jirgi ce. Sau nawa muka karanta muku labarin kifewar jirage a Neja da Kebbi da Sakkwato, mutane da yawa suka tafi, akasarinsu masu ƙafa biyu?

Akwai kuma dabarar da mutanen tsibiran tekun Pasifik suka daɗe da ita: sanduna biyu a gicciye, da wani abu mai yawo a kan ruwa a ƙarshensu, yana hana jirgi kifewa. A wurinmu bido biyu da aka toshe bakinsu da kyau za su iya wannan aiki. Sai bakin ruwa. In gangaren taɓo ne, keke ba ya isa, dole a ɗauki mutum kamar buhu. Ƴan katakai ko duwatsu da aka jera, da turke biyu na kamawa, sun isa mutum ya ja jikinsa ya shiga da mutuncinsa. Tsohuwa ma za ta ji daɗinsa, mai juna biyu ma haka.

DUNIYA TA YI NISA

Wasu za su ce mafarki ne. To, tun 2016 a birnin Rio na Brazil aka shigar da tseren kwalekwale cikin gasar nakasassu ta duniya, tseren mita 200. An raba ƴan wasan rukuni-rukuni gwargwadon abin da jikinsu ke iyawa. Akwai rukunin waɗanda ƙafarsu ba ta aiki sam, bayansu ma da ƙyar, da hannu da kafaɗa kawai suke tuƙi, a kan kujera mai doguwar majingina. A gasar Tokyo da aka yi a 2021 aka ƙara jirgin nan mai sanda a gefe da na ambata.

Mu ma muna da abin tunawa. A gasar Olamfik ta Landan ta 2012, Hamadou Djibo Issaka ya wakilci Nijar a tseren jirgin ruwa bayan ƴan watanni kacal da soma koyo. Shi ya zo na ƙarshe, amma jama'ar wurin sun tashi suna masa tafi har ya kai. Shi lafiyarsa lau, amma ya nuna ɗan ƙasar rairayi na iya zama cikin jirgi a gaban duniya. A maƙwabta kuma, Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a Najeriya a 1988, wadda ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai taya. Ɗan katakon nan shi ne ya mai da waɗanda ake gani a bakin titi ƴan wasa. Katako ne dai, amma an yi shi daidai jikin mai shi.

Ni dai ba lambar zinariya nake hange ba tukuna. Tarwaɗa da karfasa nake hange, da kuɗin fito, da magidancin da zai koma gida da yamma da abin cefane daga guminsa.

ABIN DA ZA A CE, DA AMSATA

Wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, kai kana maganar kujerar jirgi. Na yarda akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Amma maganar sana'a maganar hatsi ce. Duk wanda ya samu abin yi, an rage baki ɗaya a layin taimako. Kuma mun daɗe muna cewa nakasassu su bar bara. In ka ce mutum ya bar bara, sai ka nuna masa ƙofar da zai shiga. Ɗinki da gyaran takalmi da saƙar kujera sana'o'i ne masu albarka, amma ba a rubuta a goshin kowa cewa iyakarsa ke nan ba.

Wani zai ce haɗari ne, in ya nutse fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba zan raina ta ba. Ruwa ba ya wasa. Amma ai yanzu ma suna shiga jirgin, sai dai a matsayin kaya, a ƙasa, ƙarƙashin buhu, ba riga, ba wanda ya taɓa nuna musu abin da za su yi in jirgi ya juye. Wanne ya fi haɗari? Mutum mai wurin zama, mai rigar ceto, wanda ya koyi iyo da hannu, ya fi wancan tsira nesa ba kusa ba. Kuma babban mutum ne, shi ke da hakkin auna abin da zai iya. Muna barin yaro ɗan shekara goma sha biyar ya yi kabu-kabu ba hular kwano, ba mu ce komai ba. Sai a kan gurgu ne tsoronmu ke tashi?

Wani kuma zai ce masunta ma kifin bai ishe su ba, za ka ƙaro musu mutane. Nan ma akwai gaskiya. Tabki na da iyaka, kuma ruwa na da masu shi, akwai sarkin ruwa, akwai ƙa'idar lokacin su. Ba na cewa a kwashi guragun Gure a zuba a Gidimuni. A garuruwan bakin ruwa akwai ƴaƴan masunta da aka haifa a gidan taru da koma, cuta ko haɗari ya zaunar da su, suna kallon ƙannensu na fita su da asuba. Su ne na farko. Gadonsu ne.

WA ZAI YI?

Doka dai muna da ita. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin nakasassu a 2008. A watan Disamba na 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Kowace shekara muna bikin 31 ga Yuli na ƙasa da na 3 ga Disamba na duniya. A kafa rumfa, a buga riguna, a yi jawabi da Faransanci, mu ƴan jarida mu ɗauka mu watsa. Ni kaina na gabatar da irin wannan biki ba sau ɗaya ba, don haka ban cire kaina ba. Washegari kowa ya koma inda yake.

Shawarata ƙarama ce. Masu walda da kafintocinmu, waɗanda suke gyara keken guragu da ƙera amalanke da gadon ƙarfe, su ne injiniyoyin wannan aiki. A haɗa mai walda ɗaya, kafinta ɗaya, masunci ɗaya da ya san halin jirgi, ma'aikacin lafiya ɗaya da ya san gyambon zama, sannan wanda zai zauna a kai. Shi ne shugaban zaman, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a ƙera a kawo masa a ce ya gode. A auna shi, a gwada a tudu, a gwada a ruwa iya gwiwa, a gyara, a sake gwadawa. Kujerar ta zama mai cirewa, yadda jirgi ɗaya zai yi wa kowa aiki, mai jirgi bai yi asarar komai ba.

Ga hukumomin komin da ke da bakin ruwa: duk mashigar da ake karɓar haraji, a gyara gangarenta, a aje rigunan ceto. Ga masu purje da ke raba jirage da taru ga masunta: ku tambaya tun farko ko akwai nakasasshe a cikin waɗanda za su amfana, kafin a buga ƙusa ta farko. Ga ƴan kwana-kwana da masu aikin ceto: ku gwada ɗaukar mai keke tun rani, kada ranar ambaliya ta zama ranar koyo. Ga tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa da reshenta na jiha, da sarakunan guragu: ku sa wannan cikin buƙatunku, ko da a ƙarshen takarda ne. Ga cibiyoyin koyon sana'a: ga aikin gwaji da ya fi teburin da ɗalibai ke ƙerawa kowace shekara.

Mu kuma sauran jama'a, namu ya fi sauƙi. In ka ga za a ɗauki mutum, tambaye shi tukuna yaya yake so a kama shi. In ya ce a miƙo masa filafili, miƙa masa ba da dariya ba.

Mutumin da ya kira ni ya sake kira bayan sati biyu. Ya ce ya zana kujerar a bayan kwalin waya, ya kai wa wani mai walda a unguwarsu. Mai waldan ya juya kwalin, ya ce ai wannan bai kai wahalar keke ba, ya kawo ƙarfe kawai. Yanzu abin da ya rage musu jirgin gwaji. Don haka in akwai mai kwalekwale a Gidimuni ko wani tabki na kusa da zai ba da aron jirginsa na yini ɗaya, a bakin gaɓa, ya neme mu a gidan rediyo, za mu haɗa su. Ni ma zan je da rakoda, ku ji da kunnenku yadda ta kaya, ko ta yi ko ba ta yi ba.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya tsare mu da sharrin ruwa da na wuta, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shirin dare.